Shin Gani Ya Kori Ji? Labarina Da Cikadi Mai Dusasshiyar Murya



Ya 'yan'uwana matasa, yau labarin wani ɗan tsuntsu nake tafe da shi, wanda nauyinsa bai fi na ƙaramin goro ba, amma ya jefa ni cikin kunyar da na daɗe ban ji irinta ba. Na san ba za a rasa mai cewa, duk damuwar da ta cika duniya ba ta ishi wannan bawan Allah ba sai tsuntsu? To, a yi mini uzuri a bi ni a hankali, domin ra'ayin da nake son karewa a nan da tsada na saye shi. Ra'ayin kuwa shi ne, babu mai iya gane baƙuwar murya sai wanda ya ƙoshi da sauraron muryar da aka saba, kuma wanda bai kai wannan matsayi ba, bai kamata ya yi gaggawar rubuta wa jama'a cewa ya ji abin da ba kowa ke ji ba.

Tun shekarar 2019 nake zaune a birnin Edmanton da ke lardin Albata, a yammacin ƙasar Kanada. Kogin Saskacewan ta Arewa ya ratsa tsakiyar birnin, ƙoramu kuma suna gangarowa cikinsa ta wasu kwazazzabai masu zurfi, waɗanda aka bar su da itatuwansu ba a yi gini a ciki ba. Inda birnin yake yana da muhimmanci ga labarina. Idan ka nausa kudu, fili ne fetal na ciyawa da gonaki. Idan ka nausa arewa, sai ka faɗa cikin ƙasurgumin kurmin nan na ƙasashen sanyi, wanda ya miƙe tun daga Alaska har zuwa gaɓar tekun Atlantika. Mu muna tsakani, inda itacen da ya fi yawa shi ne asfen, mai farin jiki, mai zubar da ganye da zarar sanyi ya kama. Amma a can ƙasan kwazazzabai, a gangaren da rana ba ta cika duka ba, akwai gungu-gungun itacen da ake kira spurus, dogo mai duhu, mai ganye kamar allura, wanda ba ya tuɓewa duk tsawon shekara. Waɗannan gungu tamkar 'yan tsibiran kurmin arewa ne da suka maƙale a cikin gari. Ɗaya daga cikinsu yana kwazazzabon ƙoramar Whitemud, ba nisa da gidana.

Ban zo ƙasar nan da sha'awar tsuntsaye ba, kaɗaici ne ya fitar da ni. A watan Disamba rana takan fito wajen ƙarfe tara saura kwata, ta faɗi jim kaɗan bayan ƙarfe huɗu, dare ya haura awa 16. Mutum in bai yi hankali ba sai ya share mako guda bai shaƙi iskar waje ba sai tsakanin ƙofar gida da ƙofar mota. Saboda haka na ɗora wa kaina fita yawo kowace Asabar. A irin wannan fita ce na ga wata yarinya ta miƙa tafin hannunta da 'yan ƙwayoyin iri a ciki, sai ga wani ɗan tsuntsu ya sauka a kan yatsanta ba tsoro ba fargaba, ya zaɓi ƙwaya ɗaya, ya tashi abinsa. Fararen kumatu gare shi, da baƙar hula, da baƙin maƙogwaro kamar mai gemu, bayansa ruwan toka. Na tambayi mahaifin yarinyar sunansa, ya ce cikadi.

Daga bakin tsuntsun aka ɗauko sunan, kamar yadda kake jin kukan agwagwa a cikin sunanta. Cewa yake yi ci-ka-di-di-di, ras, da murya mai kaifi. Wannan shi ne cikadi mai baƙar hula, ɗan gari na kowa, wanda ba ya ƙaura zuwa ƙasashen ɗumi kamar sauran tsuntsaye, kuma mutanen ƙasar nan suna ƙaunarsa ƙwarai, har ma jama'ar birnin Kalgari da ke kudu da mu suka zaɓe shi ta hanyar ƙuri'a a 2022 ya zama tsuntsun garinsu. Cikadi iri bakwai ne a Arewacin Amurka, amma biyu ake sa ran samu a garinmu. Na biyun shi ne ya jawo mini abin da ya jawo.

Masana suna kiransa Poecile hudsonicus, sunan da ya samo asali daga mashigin tekun Hudson, kuma wani masani Bajamushe, Johann Reinhold Forster, shi ya fara siffanta shi a rubuce a 1772. Ni dai cikadin kurmi nake ce masa, domin kurmin arewa ne gidansa, kusan dukkan mazauninsa yana cikin Kanada da Alaska. Girmansu kusan ɗaya da ɗan'uwansa, giram goma ko sama kaɗan, sai dai hularsa ruwan ƙasa ce, farin kumatunsa bai kai na wancan faɗi ba, haƙarƙarinsa kuma jaja-jaja ne kamar tsatsa. Halinsu ma ya bambanta. Mai baƙar hula faram-faram gare shi, zai zo har gabanka ya leƙa ka. Cikadin kurmi kuwa mai kunya ne, yana can cikin duhun rassan spurus yana tsince-tsincensa, sai ka wuce ta ƙarƙashinsa sau goma ba ka san yana nan ba. A garinmu ba shi da yawa, domin ba ya zama sai a waɗancan 'yan tsibirai. Wanda duk ya same shi, galibi kunnensa ne ya kai shi.

Kalmar da suke faɗa ɗaya ce, faɗar ce ta bambanta. Cikadin kurmi yana jan nasa kukan a hankali, da dusasshiyar murya mai fita ta hanci kamar wanda mura ta kama, yana jan gaɓar ƙarshe: tsi-ka-dee-dee. A takarda bambancin kamar ba komai ba ne. Amma Bahaushe ya fi kowa sanin cewa abin da aka rubuta iri ɗaya ba lalle ne a faɗe shi iri ɗaya ba. Babu wanda a cikinmu yake rikita garin da ake zama a ciki da garin da ake tuƙa tuwo da shi, alhali haruffan ɗaya ne. Kuma idan Basakkwace ya kira ka a waya, kafin ya gama gaisuwa ka riga ka san daga ina yake. Ba a makaranta muka koyi wannan ba, shekaru muka yi muna ji har kunne ya nuna. Kuskurena shi ne na ɗauka zan iya tsallake shekarun.

A watan Yuli na 2021 ina yawo a wani ɗan lambu kusa da unguwarmu, wanda duk itatuwansa asfen ne, sai na ji kuka daga cikin ganye, dusashe, a hankali, ta hanci. Ba murya ɗaya ba, har huɗu. Gabana ya faɗi don murna. Makonni na yi kafin nan ina sauraron naɗaɗɗen kukan cikadin kurmi a ɗaki, ina ta burin ranar da zan ji shi da kunnena, sai ga shi har huɗu. Ganye ya yi duhu ban ga komai sosai ba sai motsi, amma ban damu ba. Nan take na ciro waya na shigar a eBird, wato ma'ajiyar intanet da masu kallon tsuntsaye ke zuba abin da suka gani, na rubuta: cikadin kurmi, 4.

Akwai wani dattijo, tsohon malamin makaranta, wanda muka saba haɗuwa a Whitemud. Ya haura shekara 70, ya fi shekara 40 yana bin tsuntsayen wannan kwazazzabo. Baba nake ce masa, tun yana dariya har ya saba. Da muka haɗu na tare shi da albishir.

"Baba, na samu cikadin kurmi, har huɗu!"

"Madalla, ɗana. A kan wane itace?"

"Asfen."

"Ka ga hular?"

"Ban gani ba, Baba, amma na ji su sarai."

Ya yi shiru yana gyara igiyar madubinsa na hangen nesa, sa'an nan ya ce, "A wane wata muke?" Na ce Yuli. Ya ce, "To, koma gobe da sassafe ka sami wuri ka zauna. Kada ka nemi sunansu. Ka duba kawai ka ga wa ke ba su abinci."

Raina ya ɗan sosu, ba zan ɓoye ba. Amma na koma. Ban yi rabin awa a zaune ba sai ga su jere a kan reshe, su huɗu, suna karkaɗa fukafukai da baki buɗe, kowanne da baƙar hularsa ƙirin. Ga uwa ko uba yana ta kai-kawo yana cusa musu tsutsa. 'Ya'yan mai baƙar hula ne da ba su daɗe da barin sheƙa ba. Ashe a ƙarshen Yuni da cikin Yuli haka muryarsu take, dusashe, ba ta gama nuna ba, kuma sanannen tarko ne da sababbin masu kallon tsuntsaye ke faɗawa. Wata ya ce a'a, itace ya ce a'a, ido bai ce komai ba. Kunne kaɗai ya ce e, shi ma don zuciya ta riga ta gaya masa abin da take so ya ji.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne, kafin in goge, wata baiwar Allah ta ga rahoton nawa, ta tuƙo mota daga wancan gefen gari da 'yarta, suka ɓata safiyarsu suna neman tsuntsun da bai taɓa zuwa wurin ba. Daga baya na ji labari. Ban yi niyyar ƙarya ba, amma abin da na rubuta ba gaskiya ba ne, kuma wani ya yi aiki da shi.

Wataƙila mai karatu zai ce, to mene ne a ciki, man mota kaɗan da safiya guda? A nan nake son a tsaya a duba, domin lamarin ya wuce haka. Waɗannan rahotanni ba littafin tunawa na mutum ɗaya ba ne. Sashen nazarin tsuntsaye na Jami'ar Cornell da ƙungiyar Audubon suka buɗe eBird a 2002, kuma a 2021 bayanan da aka zuba a ciki suka haura biliyan ɗaya. Kafin ita akwai Ƙidayar Tsuntsaye ta Kirsimeti, wadda Frank Chapman ya faro a 1900 da mutum 27 a wurare 25, domin ta maye gurbin wata al'ada ta gasar harbin tsuntsaye a ranar bikin. Har yau ana yin ta kowace shekara, kowace tawaga tana ƙirga abin da ta samu a cikin da'ira mai faɗin kilomita 24. Da irin waɗannan bayanai na 'yan sa-kai masana ke zana taswirar inda kowane tsuntsu yake, da su suke gane wanda ke ƙaruwa da wanda ke ƙarewa.

Cikadin kurmi kuwa yana cikin waɗanda ake sa wa ido. Tsuntsun sanyi ne, kuma a bakin iyakarsa ta kudu, kamar duwatsun Adirondack na jihar New York, masu ƙidaya sun daɗe suna ganin raguwarsa, yayin da yanayi ke ƙara ɗumi, dazukan spurus kuma ke canzawa. Yanzu a yi lissafi. Idan na yi kuskure na ƙara mai baƙar hula ɗaya a kan dubban da ake rubutawa, kuskurena ya narke kamar gishiri a kogi. Amma a wurin da ake samun rahoton cikadin kurmi 'yan ƙalilan a shekara, huɗu na ƙarya suna da nauyi. Suna iya sa a ga kamar tsuntsun yana nan lafiya a inda babu shi, har yana hayayyafa a itacen da ba nasa ba. Kuskure a kan abin da ba shi da yawa ya fi tsada, alhali kuwa a kansa ne zuciya ta fi son yin gaggawa, domin shi ne ake taya mutum murna a kansa. Babu mai yi maka barka don ka ga mai baƙar hula.

Maganin da Baba ya ba ni ya yi mini ɗaci a lokacin. Cewa ya yi in manta da cikadin kurmi gaba ɗaya, in shekara ina sauraron na kowa. Na ɗauka hukunci ne. Ashe makaranta ce.

Na gano cewa tsuntsun da nake ganin na gama saninsa ban san ko kashi ɗaya cikin goma na maganarsa ba. Shi kansa ci-ka-di ɗin, masana sun rarraba shi gaɓa huɗu da suka laƙaba wa A da B da C da D, kuma a jere suke zuwa. Tsuntsun yana iya tsallake wata gaɓa ko ya maimaita wata, amma ba ya juya jerin. Ban da wannan yana da fito mai daɗi na sauti biyu, fii-bii, na biyun ƙasa da na farko, wanda namiji ke yawaita yi idan yini ya fara tsawo a ƙarshen hunturu. Cikadin kurmi ba shi da wannan fito sam. Akwai kuma wani gurgurin da suke yi idan faɗa ya haɗa su, akwai siririn sauti mai tsini da ɗaya kan saki idan shaho ya gilma, sai ka ga duk garken ya daskare kamar an dasa su.

Wanda ya fi burge ni shi ne ƙirgen gaɓar ƙarshe. A 2005 mujallar Science ta buga binciken da Christopher Templeton da abokan aikinsa suka yi a jihar Montana ta Amurka, inda suka riƙa nuna wa garken cikadi mafarauta iri-iri suna naɗar kukansu. Suka samu cewa idan babbar mujiya ce, wadda nauyin jikinta ba ya barin ta kama ɗan ƙaramin tsuntsu mai zafin nama, di ɗin kaɗan ne. Idan kuwa ƙaramar mujiya ce mai saurin juyi, wadda ita ce haɗarin gaske, sai di ɗin ya yi ta zuba, har an taɓa ƙirga 23 a kuka ɗaya. A 2007 kuma Templeton da Erick Greene suka nuna cewa wani maƙwabcinsu, ɗan tsuntsu mai jan ƙirji da ke sauko jikin itace da kai ƙasa, yana fahimtar wannan saƙo yana aiki da shi. Shi ma wannan maƙwabci ta hanci yake kuka, kuma sai da na yi watanni kafin kunnena ya daina ɗaga ni tsaye duk lokacin da ya yi magana. Wata Asabar na ji di ya yi yawa a wani gungu, na bi sautin a hankali, sai ga 'yar mujiya da ba ta fi dunƙulen hannuna ba, ta lafe a jikin itace, cikadi shida sun kewaye ta suna zazzaga mata masifa. Wannan ce rana ta farko da na ji tsuntsu ya gaya mini wani abu na kuma gane.

To, ina matsayin waya a cikin wannan? Na san mafi yawanku yanzu tambayar da ke bakinku ke nan. A 2021 manhajar Merlin, ita ma ta Jami'ar Cornell, ta fito da sashen gane tsuntsu ta kukansa. Kana ɗaga waya, ta mayar da sautin zane, ta gwada shi da dubban da ta koya, sai suna ya bayyana. Kyauta ce, kuma aiki ne mai ban mamaki. Ina amfani da ita, ba na kuma cikin masu zaginta. Baba da kansa, wanda tsufa ya fara ɗauke masa jin sirarin sautuka, ya ce ta mayar masa da tsuntsayen da ya ɗauka sun yi shiru har abada. Amma shi idan suna ya fito, yana da shekara 40 na sauraro da zai auna shi da su. Masu manhajar da kansu shawara suke kiran abin da take bayarwa, suna kuma jan hankalin mutane su tabbatar kafin su kai rahoto.

Damuwata da matashin da ya fara daga waya ya ƙare a waya. Na sha ganinsu a kwazazzabo, kai a sunkuye, ido a kan allo, tsuntsu na kuka a bisa kansu ba su ɗaga kai ba. Suna ya fito, an kwafa, an wuce. Bayan shekara jerin sunayensa ya yi tsawo, amma ka karɓe wayar ka tambaye shi wane ne wannan ke kuka, sai ya yi zuru. Wannan bai ji tsuntsu ba, an dai gaya masa. Malamanmu na hadisi tun ƙarnoni da suka wuce suka bambanta tsakanin mai cewa na ji da kunnena da mai cewa an ce daga wane, ba su taɓa ba su daraja ɗaya ba, kuma ban ga dalilin da zai sa mu da muka tashi da wannan tarbiyya mu yar da ita don abin da ake ruwaitowa tsuntsu ne ba. Tsarin da nake bi yanzu shi ne, in saurara tukuna, in yanke hukunci a raina, sa'an nan in duba waya. Idan mun saɓa, ba na rubuta nawa ba na rubuta nata, sai na nemi tsuntsun.

Kada kuma a ɗauka ina cewa kunne ba ya kuskure idan ya ƙware. Yana da iyaka. A gabashin Amurka akwai wani siririn yanki inda mai baƙar hula ke haɗuwa da wani ɗan'uwansa na kudu, cikadin Karolina, suna auratayya. Da yake fito koyonsa suke yi ba gadonsa kawai ba, a can sai ka samu tsuntsu ɗaya yana yin fiton kowane ɓangare, har ƙwararru sukan ɗaga hannu su rubuta cikadi kawai. Wani bincike da aka buga a 2014 ya nuna cewa a jihar Pensilbaniya wannan yanki yana matsawa arewa da kimanin kilomita ɗaya a shekara, yana bin ɗumamar hunturu. Mu a Edmanton ba mu da wannan rikici, amma darasin ya shafe mu: murya shaida ce guda, ana haɗa ta da wuri, da lokaci, da itace, da abin da ido ya gani. Ƙa'idar masu kallon tsuntsaye ta yarda a rubuta wanda aka ji ba a gani ba, kuma daidai ne ga wanda ya san muryar kamar ta ƙaninsa. Ga wanda bai taɓa haɗa muryar da fuskar ba ko sau ɗaya, ina ganin bai cancanci wannan sassauci ba tukuna.

Akwai gajeriyar hanya da aka sha ba ni shawara in bi, wato in kunna naɗaɗɗen kukan a waya da ƙarfi, tsuntsun ya ɗauka baƙo ya shigo masa ya fito. Tana aiki, an ce. Na ƙi, musamman da hunturu. Halittar da ba ta fi giram goma ba, wadda za ta kwana awa 16 a sanyin da ke daskarar da gashin ido, kowace ƙwaya da ta ci lissafi ce. An auna mai baƙar hula an ga yana sauke zafin jikinsa da kimanin digiri 10 cikin dare domin kitsen da ya tara da rana ya kai shi safiya. Tun kaka suke ɓoye abinci ƙwaya-ƙwaya a ɓawon itace da ƙarƙashin rassa, su riƙe wuraren a ka. In taso irin wannan daga kiwonsa ya zo yana neman abokin gaba da babu shi, don kawai in ƙara layi ɗaya a jerina, ban ga ya dace ba. Wasu ƙwararrun da nake girmamawa suna ganin yin haka sau ɗaya a taƙaice ba ya cutarwa. Ra'ayinsu ne. Ni dai na zaɓi jira.

Jiran ya kai ni wata Asabar a watan Fabrairu na 2023. Wayata ta nuna 24 ƙasa da sifili da na fito. Na gangara Whitemud rana na ɗagowa, dusar ƙanƙara na ƙara a ƙarƙashin takalmi, babu kowa a hanya sai wani mai gudu da karensa. Na kai gungun spurus da na saba tsayawa, garken masu baƙar hula suka zo kamar kullum, ɗaya har ya sauka a kan hulata yana neman abin da ban kawo ba. Ina jin su ba tare da na kasa kunne ba, yadda mutum ke jin hirar gidansu.

Sai wata murya ta shigo daga sama, ta bayan garken. Ban yi tunani ba, jikina ne ya tsaya. A watan Yulin can sai da na lallashi kaina cewa abin da na ji ya yi kama da abin da nake nema. Wannan karon babu lallashi. Kamar kana cikin taron 'yan unguwarku ne wani baƙo ya yi sallama, kalmar ɗaya ce amma kowa ya waiga. A hankali, dusashe, ta hanci, tsi-ka-dee-dee, ya yi shiru, ya sake.

Na tambayi kaina tambayoyin Baba. Wata: Fabrairu, babu 'ya'yan sheƙa. Itace: spurus. Saura hula. Na ɗaga madubi, numfashina ya rufe gilashin da hazo, na goge da safar hannu, na sake ɗagawa. Minti ashirin na yi a haka, wuya ya ƙage, yatsun ƙafa sun daina ji, ina bin motsin da ke ɓacewa a cikin duhun rassa. Sau biyu na kama tsuntsu a madubi ya zama mai baƙar hula. Ana nan sai wani ya sauko ƙarshen reshe, ya rataya da kai ƙasa yana tsintar wani abu a tsakanin allurai, hasken rana ya faɗa masa. Hula ruwan ƙasa. Haƙarƙari kamar tsatsa. Ya buɗe baki ina kallonsa, muryar nan ta fito daga cikinsa. Bai fi daƙiƙa biyar ba ya koma ciki.

Daga can nesa, ta gefen ƙorama, na ji kamar wani ya amsa masa, sau ɗaya tak, iska kuma ta taso. Na tsaya wasu mintoci ko zai sake, bai sake ba. Na cire safar hannu da haƙori na ciro waya, yatsuna na rawa, na rubuta: cikadin kurmi, 1. A wurin bayani na ƙara cewa an gan shi an kuma ji shi a cikin spurus, hula ruwan ƙasa, wataƙila akwai na biyu amma ban tabbatar ba.

Mako na zagayowa na tarar da Baba a bakin gada yana zuba shayi daga fulas. Tun kafin in yi magana ya ce ya ga rahoton. Ya miƙo mini kofi, ya ce in kai shi itacen, domin shi yanzu muryar ba ta isa kunnensa daga nesa, in na ji sai in nuna masa da hannu.